Ragon shahada: wa ya biya, wa ke zuwa cin nama?

Idan wannan takarda ta same ku a gidan da ɗa ko 'ya ya ajiye alƙalami bayan jarrabawar shahadar Sudan ta 2010, to barkanku, mabruk, Allah ya sa albarka a cikin karatun. Sakamako ba zai fito ba sai damina ta ƙarato, amma daga cikin garin Gadarif har Doka da Basunda da Galabat, da ƙauyukanmu na bakin Rahad da bakin Atbara, gidaje da yawa sun riga sun ɗaure ragon karama a turke suna jira. Wanda bai da rago ya tanadi akuya, wanda bai da akuya ya tanadi kaji da sukarin sharbat.

Ku yi karamarku, kada wani ya ce muku almubazzaranci ne. A yanka, a gasa agashe, a dama godogodo, a ɗora jabana, mata su yi guɗa har maƙwabta su ji. Gidan manomi da ya kai yaro aji uku na sakandare ya yi aikin da ya fi noman fadan ɗari wuya. Abin da nake roƙo shi ne, kafin a fara rabon nama, mai gida ka zauna ka yi lissafin yadda aka kai ga wannan rana, domin a makon nan akwai masu zuwa ƙofarka da za su so ka ɗauka da su aka yi wahalar.

Fara da shekarun yaron. Wanda ya gama sakandare a 2010, in bai maimaita aji ba, an haife shi wajen 1992 ko 1993. Gwamnatin Inkaz ta hau ranar 30 ga Yuni 1989. Ke nan tun daga ranar sunansa har ranar da ya fito daga ɗakin jarrabawa, hannu ɗaya ne ke riƙe da ƙasar, shi ke riƙe da ma'aikatar ilimi, shi ke naɗa walin wilaya. Duk abin da yaronka ya samu a makaranta da duk abin da ya rasa, ba wata gwamnati da za a ɗora wa sai wannan.

To me ya samu? Ya samu makaranta da aka rage mata shekara guda. Da can ana yin shida a firamare, uku a tsakiya, uku a sakandare, goma sha biyu ke nan. A farkon shekarun 1990 aka rushe ta tsakiya, aka ce takwas a asas, uku a sakandare, goma sha ɗaya. Aka haɗa ɗan shekara shida da mai shekara goma sha huɗu a fili ɗaya. A wannan lokacin ne kuma aka rufe dahiliyya, ɗakunan kwanan ɗalibai da gwamnati ke ciyarwa. Mutumin Hartum ba zai gane girman wannan ba, don makaranta tana bayan gidansa. Mu mun gane. Ƙauyen da ke bakin kogi ba shi da sakandare. Dahiliyya ita ce gadar da ɗan ƙauye ke bi ya shiga gari ya yi karatu, ya ci, ya kwana, ba tare da ubansa ya sayar da saniya ba. Da aka cire ta, sai ya zama wanda ke da baffa ko gwaggo a Gadarif ko Hawata shi ke ci gaba, wanda ba shi da kowa ya koma gona. In yaronka ya zauna shekara uku a gidan wani ɗan'uwa, kana aika buhun dawa duk kaka don kada a ga nauyinsa, ka san abin da nake faɗa.

Sannan a 1994 aka raba ƙasa wilaya 26, aka ɗora nauyin makarantun asas a wuyan mahaliyya. Mahaliyyar da ba ta da kuɗi sai ta juya ga majalisar iyaye, majalisar iyaye ta juya gare ka. Kuɗin alli, kuɗin benci, kuɗin ruwan randa, kuɗin gyaran katanga bayan damina, kuɗin abincin malami, kuɗin jarrabawar gwaji, sai kuɗin darasin yamma idan shahada ta matso. Littafi ɗaya yara biyu ko uku, wannan ya kwana da shi yau, wancan gobe. Ba na zargin malamai. Malamin da albashinsa ke makara, aka jefa shi ƙauyen da mota ba ta shiga daga Yuli zuwa Oktoba saboda laka, in ya tsaya bai gudu ba, ya cancanci cinyar ragon nan kafin kowa.

Alhali kuwa dokar ƙasa ba haka ta ce ba. Tsarin mulkin riƙon ƙwarya na 2005, wanda aka yi bayan sulhun Naibasha, ya faɗa a sashe na 44 cewa ilimi haƙƙin kowane ɗan ƙasa ne, kuma karatun asas tilas ne, gwamnati ce za ta bayar da shi kyauta. Aikina fassara ne, na juya wannan sashe daga Larabci zuwa Hausa a gaban mutane ba sau ɗaya ba, kuma duk inda na karanta shi sai an yi dariya. A 2010, shekara biyar ke nan da sa hannu. Uwar gida, ke da ke kwance bakin zane da asuba ki ciro na ƙosai ki ba yaro don kada a koro shi, ke za ki gaya mana ko kyauta ne.

Wani zai ce ƙasa ba ta da kuɗi. A Agustan 1999 Sudan ta fara fitar da man fetur zuwa waje, zuwa 2010 kusan shekara goma sha ɗaya ke nan, daidai da shekarun da yaronka ya yi a makaranta. Ka bar ma zancen fetur. Wilayarmu ita ake kira rumbun Sudan. A nan Gadambaliya aka fara noman inji tun shekarun 1940. Riɗin da ake cika jirage da shi a Bur Sudan, mai yawa daga kasuwar amfanin gona ta Gadarif yake tashi. Kowane buhu an cire masa zakka, an cire masa haraji, an cire masa kuɗin hanya kafin ya isa kasuwa. Wa ya yanke riɗin nan? Kai ne, da matarka, da 'ya'yanka. Riɗi ba ya jira, in ya nuna ba a yanke shi ba sai ya fashe ya zube ƙasa, kuma lokacin yankansa yana faɗawa tsakiyar shekarar karatu. Saboda haka duk Oktoba ajin ƙauye yakan ragu, yara suna gona suna ɗaure hilla. Wasu su dawo bayan wata guda sun rasa darasi, wasu ba sa dawowa. Manomin da ya ci bashin shel tun kafin shuka, ya sayar da amfaninsa da arha tun yana ƙasa, ba shi da kuɗin ɗaukar ɗan ƙwadago, dole ya ɗauki ɗansa. Kuɗin riɗi ya tafi, amma bai dawo ƙauye a matsayin aji ko rijiya ba. Garin Gadarif kansa a 2010 yana jiran ruwan da ake turowa daga Shuwak, rani ya yi kowa ya koma sayen ruwan jaki.

Ranar karama, idan abokan yaron sun zo, ka dube su da kyau. Ka tambaye shi su nawa suka shiga aji ɗaya tare, su nawa suka kai shahadar asas, su nawa suka zauna jarrabawar bana. Zai lissafa maka su da sunayensu. Wane yana tura baro a kasuwa. Wane yana kamun kifi. Wane ya ƙetare Matamma yana dako tsakanin nan da Habasha. Wane kala'azar ta kwantar da shi wata biyu, da ya tashi an wuce shi, bai koma ba. Cutar nan ta daɗe tana cin ƙauyukan bakin Rahad da Atbara, kuma yara ta fi kamawa. Waɗannan yara ba su fi naka rashin ƙwaƙwalwa ba, kai ma ka sani.

'Yan mata kuma, a nan laifin ba na gwamnati kaɗai ba ne, namu ma yana ciki. Da yawa cikinmu muna cire yarinya daga aji shida ko bakwai mu aurar. Amma uban da ya ce ba zai tura 'yarsa garin da ba ta da wurin kwana ba, ba zan kira shi jahili ba. A kawo sakandaren 'yan mata kusa, a sa malamai mata, a ga ko ba zai sake shawara ba. Karatun mata ba baƙon abu ba ne gare mu. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ta karantar da matan ƙauye ta hannun 'yan taru tun kafin Turawa su zo. A nan Sudan ma Babikir Badri ya buɗe makarantar 'yan mata a Rufa'a a 1907, ya fara da 'ya'yan gidansa da na maƙwabta. In 'ya ce ta gama a gidanku bana, a yi mata guɗa biyu.

Ranar sakamako za ku kewaye rediyo, a karanto sunayen ɗari na farko a ƙasa baki ɗaya. Ku saurari sunayen makarantun. Mafi yawansu na Hartum ne, makarantun misali da na kuɗi. Takardar jarrabawa ɗaya ce, darasi bakwai ne ga kowa, amma ɗan da ya yi karatu da fitilar ƙwai, bai taɓa shiga ɗakin gwaje-gwaje ba, aka haɗa shi tsere da wanda ke da malami na musamman a kowane darasi. Ɗan ƙauyenmu ma da Hausa ya shiga aji ɗaya, aka fara masa da Larabci tun ranar farko, ba wanda ya tsaya ya yi masa gada tsakanin harsunan biyu, ko da yake sashe na 8 na tsarin mulkin nan ya ce duk harsunan mutanen Sudan harsunan ƙasa ne da za a girmama a raya. In irin wannan yaro ya kawo saba'in cikin ɗari, a wurina ya fi mai casa'in na birni. Sai dai ofishin karɓar ɗalibai ba ya duba fitila, lamba yake dubawa. Likitanci a Jami'ar Hartum sai wanda ya haura casa'in. Wanda bai kai ba amma ubansa na da hali, akwai ƙofar kabul has, ya biya ya shiga da ƙasa da haka. Naka ba shi da wannan ƙofa.

Yanzu ga inda ya fi ciwo. A ce yaron ya ci, ya ci da kyau. Kafin jami'a, kafin aikin gwamnati, kafin fasfo, sai an ce ina jinsiyya. Ɗan wata ƙabila ya shiga ofis da safe da shaida ɗaya, ya fito da takardarsa. Naka da ya faɗi ƙabilarsa sai fuskar mai tebur ta canja. A kawo baffa na jini, a kawo takardar umda, a kawo jinsiyyar uba, a kawo ta kaka, a dawo mako mai zuwa, jami'in bincike ba ya nan. Na raka ɗan ƙanwata wani ofis a bara, yaron da aka haifa a nan, aka haifi ubansa a nan, kakansa yana kwance a maƙabartar garin nan. Sai da muka yi sawu huɗu, kowane sawu da kuɗin mota da na kwana. A sawu na uku aka tambaye shi yaushe suka zo. Yaron ya rasa amsa, don bai san wani wuri da suka zo daga gare shi ba.

Ga abin da doka ta ce, ku riƙe shi. Dokar jinsiyya ta 1957 ta nemi a nuna cewa kakanni suna ƙasar tun 31 ga Disamba 1897. Daga baya aka matso da ranar zuwa 1924. Dokar 1994, wadda ke aiki yanzu, ta tsayar da ita a 1 ga Janairu 1956, ranar samun 'yancin kai. Sashe na 7 na tsarin mulkin 2005 kuma ya ce duk wanda uwarsa ko ubansa ɗan Sudan ne yana da haƙƙin zama ɗan ƙasa da ba mai ƙwace masa. To mu wa zai ce ba mu nan a 1956? Takarir suna zaune a Galabat suna mulkinta tun kafin Mahadi, tun kafin yaƙin 1889 da Sarkin Habasha Yohanna ya faɗi a can. Bayan Burmi a 1903, inda Turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya iso da jama'arsa ya kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, shekara hamsin kafin a ɗaga tutar Sudan. Audugar Jazira da dawar Gadarif da guminmu aka noma su. Matsalar ba a rubutun doka take ba, a wurin mai riƙe da hatimi take, da wanda ya ɗora shi a kujerar ya kuma bar shi yana yin yadda ya so.

Ba mu manta Oktoban 2008 ba, lokacin da jaridar Al-Ayyam ta buga maganar da aka jingina wa shugaban ƙasa cewa Hausawa ba 'yan Sudan ba ne, mutanenmu suka fito kan titi a Gadarif da Kasala da Bur Sudan. Fadar shugaban ta musanta maganar. To, mun ji. Amma hanyar da ta fi sauƙi ta musanta ta ita ce umarni ɗaya zuwa ofisoshin jinsiyya cewa a yi wa Bahaushe da Bafulatani da Babarbare abin da ake yi wa kowa. Zuwa Afrilun 2010, shekara ɗaya da rabi ke nan. Ku tambayi wanda ya je nema a watan jiya ko ya ga canji. Abin mamaki, lokacin rajistar zaɓe a Nuwamban 2009 ba wanda ya tambaye mu yaushe muka zo. Ranar ƙuri'a mu 'yan ƙasa ne, ranar jami'a sai an bincika.

In namiji ne, akwai kuma hidimar ƙasa tana jiransa. Iyayen da suka kai shekaru na sun tuna 1997, lokacin da aka ɗaure shiga jami'a da zuwa sansanin soja, aka kwashi 'yan shahada, wasu aka wuce da su Kudu. Sun tuna Ailafun a Afrilun 1998, yaran da suka nemi zuwa gida Babbar Sallah aka hana su, suka gudu ta kogi, fiye da hamsin suka mutu ko a lissafin gwamnati kanta. Yaƙin Kudu ya tsaya a 2005, alhamdu lillahi. Amma a Janairun 2011 Kudu ta yi ƙuri'ar zama ko rabuwa, kuma wanda aka zaɓa a Afrilun 2010 shi ya riƙe ƙasar a wannan rana. Uwar da ke da ɗa mai shekara goma sha takwas tana da haƙƙin ta tambayi kowane ɗan takara ina zai kai mata shi.

Masu alamar bishiya za su ce muku sun gina jami'o'i. Gaskiya ne. Jami'ar Gadarif an kafa ta a 1994, kuma 'ya'yanmu da dama sun yi karatu a cikinta waɗanda da ba su isa Hartum ba. An shimfiɗa kwalta zuwa Galabat, wannan ma gaskiya ne, duk mun hau ta. Ba zan ce baƙi ga abin da yake fari ba. Tambayata ita ce, jami'a a gari me ta amfana wa yaron da ya tsaya a aji biyar saboda kuɗin benci? Kuma waɗanda suka gama ta, su nawa kuka sani suna tuƙa raksha da digiri a aljihu, saboda aiki sai mai ɗan'uwa a sama ko mai katin jam'iyya? Shekara ashirin da ɗaya ta isa a ga iyakar gudun mutum.

Za su zo da sukari, da mai, da alkawarin injin ban ruwa. Wasu ma za su zo cin karamar, su zauna a kan tabarmar gaba, su ɗora hannu a kan yaron su ce ɗanmu ne. Baƙo ba a korarsa, a ba shi nama. Sai ka tambaye shi a gaban mutane, cikin ladabi: Alhaji, yaushe za a buɗe dahiliyya a mahaliyyar nan? Wa zai biya alli daga bana, ni ko ku? Yaron nan da ka ce naka ne, za ka raka shi ofishin jinsiyya da kanka? Mu ma in mun zo ku yi mana tambayoyin nan, kada ku raga mana don muna jin Hausa. Wanda ya amsa, a sa yaron ya rubuta amsar da kwanan wata, a ajiye a cikin akwati tare da shahadar. A 2010 majalisar wilaya da wali su ke raba kuɗin makarantu, kuma zaɓen 2010 ne karo na farko da muka samu damar zaɓen wali da hannunmu maimakon a aiko mana shi daga Hartum.

Na san masu cewa an riga an gama komai, fita ɓata lokaci ne. Kafin 2010, rabonmu da zaɓen jam'iyyu da yawa tun 1986, shekara 24. Wanda ya zauna a gida ya sauƙaƙa wa mai son cika akwati aikinsa, don sunan da bai zo ba shi ya fi daɗin amfani. Bayan labule kuma ba mai ganin inda ka sa alama, ko wanda ya ba ka sukari, ko shehun unguwa.

An tsara farawa ranar Lahadi 11 ga Afrilu 2010, a ci gaba har 13. Takardun ƙuri'a takwas ne aka tsara ba kowa: ta shugaban ƙasa, ta wali, uku na majalisar ƙasa, uku na majalisar wilaya, a cikinsu akwai ta mazaɓa, da ta jerin jam'iyya, da ta jerin mata. Abu ne mai rikitarwa ko ga mai karatu, balle tsohuwar da ba ta taɓa riƙe alƙalami ba. Ga amfanin farko na ɗan shahadar nan tun kafin sakamako ya fito. A daren Asabar ya zaunar da gidan duka, da kaka da gwaggo da maƙwabta, ya zana musu takardun takwas a ƙasa, ya nuna musu inda ake sa alama da yadda ake naɗewa don kada ƙuri'a ta lalace. In ya cika goma sha takwas kuma ya yi rajista, ya tafi da tasa takardar rajistar ya shiga layi tare da ku. Ku fita da sassafe kafin rana ta yi zafi, ku ɗauki ruwa, a sa tsofaffi da masu goyo a gaba.